Taron tsintsiya ba shara: abin da ya kayar da Lakers a kakar 2012/2013

Duk lokacin da hirar ƙwallon kwando ta biyo ta kan Los Angeles Lakers ta kakar 2012/2013, sai wani a majalisa ya yi ajiyar zuciya ya ce ai rauni ne ya cuce su, da a ce lafiyarsu ƙalau da babu mai tare musu hanya. Ni ma na daɗe ina faɗin haka, domin tun zamanin Shaquille O'Neal nake goyon bayan ƙungiyar nan, kuma mai so ba ya rasa uzurin da zai kawo wa abin da yake so. Amma yanzu na daina. Raunin da muke ɗora wa laifi yana cikin kayan da Lakers ta saya, kuma shugabanninta sun san yana ciki tun ranar da suka biya kuɗin.

A tuna yadda damina ta 2012 ta kasance. Lakers ta ɗauki kofi a 2009 da 2010, sannan ta fara ja da baya. Dallas ta share ta wasa huɗu a jere a 2011, Oklahoma City kuma, da samarinta masu gudu kamar barewa, ta fitar da ita a 2012. Kobe Bryant yana da kofi biyar, saura ɗaya ya kamo Michael Jordan. Ƙungiyar tana da 16, saura ɗaya ta kamo Boston. Ga kuma takaicin cinikin Chris Paul da shugaban NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, na lokacin, David Stern, ya soke a Disambar 2011 bayan an riga an gama magana. A cikin wannan ƙishirwa ne aka ɗauko Steve Nash daga Phoenix a watan Yuli, mutumin da ya zama gwarzon ɗan wasan gasar har sau biyu, a 2005 da 2006. A watan Agusta kuma aka kawo Dwight Howard daga Orlando, wanda ya lashe kyautar gwanin tsaron gida shekara uku a jere. Aka haɗa su da Kobe da Pau Gasol da Metta World Peace. Albashin 'yan wasan ya tasam ma dala miliyan 100, babu ƙungiyar da ta kai ta kashe kuɗi a shekarar. Metta har cewa ya yi yana so su karya tarihin Chicago Bulls na cin wasa 72 cikin 82. Ban yi masa dariya ba a lokacin. Ni ma abin da ke raina ke nan.

To, mene ne aka saya? Nash yana da shekara 38, kuma ya daɗe yana fama da ciwon baya, duk mai kallonsa a Phoenix ya san idan aka fitar da shi ya huta kwanciya yake yi a ƙasa gefen fili maimakon ya zauna a benci. Howard an yi masa tiyata a gadon baya a watan Afrilun shekarar, wata huɗu kacal kafin cinikin, kuma saura shekara ɗaya kwantiraginsa ya ƙare, bai kuma yi wa kowa alkawarin zai sabunta ba. Kobe ya cika 34 da gwiwoyin da suka yi kaka 16 suna aiki. Gasol 32, ya kuma dawo daga wasannin Olympics na Landan inda ya ɗauki nauyin Sifen har wasan ƙarshe. Babban mai shigowa daga benci, Antawn Jamison, 36. Wanda ya je kasuwar kara ya sayi tsofaffin shanun huɗa guda huɗu, ɗaya ma bai gama warkewa daga karaya ba, ya ce da su zai nome gona mai faɗi a damina ɗaya, idan sun kwanta masa a tsakiyar aiki ba zai ce tsautsayi ba ne. Wasa 82 ake bugawa a wata shida, wani lokaci dare biyu a jere a garuruwa biyu. Jikin ɗan shekara 38 ba a yi shi don wannan ba.

Na yarda raunin farko na Nash ƙaddara ce zalla. A wasa na biyu na kakar, a Portland, ya yi karo da wani sabon shiga mai suna Damian Lillard, ƙashin ƙafarsa ta hagu ya tsage. Wannan zai iya faruwa da kowa. Sai dai yaro ɗan 24 ya warke ya dawo yadda yake. Nash wasa 24 ya rasa, da ya dawo kuma sai ciwon ya taɓa masa jijiya, ya tayar da tsohon ciwon baya, daga nan bai sake zama Nash ɗin da aka sani ba. Shekarun da aka sani tun ranar ciniki su ne suka mayar da ƙaramin rauni babba. Gasol wasa 49 ya buga, gwiwa da tafin ƙafa suka hana shi sakat. Howard ya yi ta wasa da bayan da bai gama komawa daidai ba, daga baya kafaɗarsa ma ta yage. Mutum biyar ɗin nan da aka yi ta buga hotonsu, sau bakwai kawai suka fara wasa tare a duk kakar, kuma ko ɗaya cikin bakwai ɗin ba su ci ba.

Wannan lissafi na ƙarshe shi ne ya fi ci mini rai, domin ya nuna ko a ranakun da suke tsaye da ƙafafunsu ba su zama ƙungiya ba. Ƙwallon kwando mutum biyar-biyar ne, ƙwallo ɗaya, daƙiƙa 24 a jefa ta. Nash duk gwanintarsa tana ga riƙe ƙwallo: dogo ya zo ya tare masa mai tsaronsa da jiki, ya juya ya ruga kwando, shi kuma ya zaɓi wanda zai miƙa wa. Idan ka karɓe ƙwallo daga hannunsa ka ce ya tsaya gefe yana jira, ka biya kuɗin babban direba ka zaunar da shi a kujerar fasinja. Kobe kuwa shekara da shekaru ƙwallo a hannunsa take kwana. Howard, wanda zai fi kowa amfana da irin wasan Nash, bai cika son wannan guje-gujen ba, ya fi so a jefa masa ƙwallo kusa da kwando ya juya wa mai tsaronsa baya ya yi abinsa, kamar yadda Shaq yake yi. Nan ɗin kuma shi ne wurin Gasol, wurin da ya taimaka aka ci kofi biyu daga cikinsa. Sai aka tura Gasol can nesa yana jifan da ba nasa ba, daga baya ma aka zaunar da shi a benci aka fara da Earl Clark. A ɓangaren tsaro abin ya fi muni. Samarin sauran ƙungiyoyi sun gano cewa da zarar ƙwallo ta kuɓuce wa Lakers, gudu kawai za a yi, babu mai iya biyo su. Abokan hamayya kuma suka riƙa yi wa Howard keta da gangan don a ba shi jifa daga layi, saboda ko rabin jifan da ake ba shi ba ya ci.

Duk wannan abu ne da mai ido zai iya hangowa tun Agusta. Na san wasu 'yan jarida sun hango sun faɗa, amma ƙarar murna ta danne su.

Laifi na biyu, wanda a wurina ya fi na farko girma, shi ne rashin haƙuri. Koci Mike Brown ya shigo da sabon salon wasa da ake kira Princeton, wanda ke buƙatar kowa ya riƙa motsi yana miƙa ƙwallo yana karanta abokin wasansa. Salo ne mai cin lokaci kafin ya zauna. Ko ya dace da waɗannan mutane ko bai dace ba, shugabanni sun amince da shi a damina, an kuma shafe duk lokacin atisaye ana koyonsa. Suka sha kashi a wasannin share fage takwas duka, suka ci ɗaya cikin biyar na farkon kaka, sai aka sallami Brown ranar 9 ga Nuwamba. Wasa biyar. Nash ma ba ya nan a uku daga ciki. Idan Brown bai cancanta ba, me ya hana a sallame shi tun Mayu, sabon koci ya samu damina guda ya shirya? Idan kuma ya cancanta, me wasa biyar ya isa ya nuna?

Abin da ya biyo baya ya fi ban takaici. Magoya baya a filin Staples Center suna ta kiran sunan Phil Jackson, mai kofi 11 a matsayin koci, biyar daga ciki da Lakers. An je gidansa an zauna da shi ranar Asabar, ya tashi da fahimtar cewa yana da zuwa Litinin ya ba da amsa. Tsakar daren Lahadi aka buga masa waya aka ce an ɗauki Mike D'Antoni. Ban ce lallai Jackson zai kawo kofi ba, amma ba haka ake yi wa dattijon da ya yi wa gida irin wannan hidima ba. D'Antoni kuma koci ne mai basira, shi ne ya gina Phoenix ɗin da Nash ya yi suna a cikinta, salonsa gudu ne da jifa cikin hanzari kafin abokin hamayya ya daidaita. Aka ɗauki kocin gudu aka ba shi tsofaffi da dogaye biyu masu nauyin jiki, ba tare da ko mako ɗaya na atisayen share fage ba, shi kansa yana ɗingishi saboda bai daɗe da fitowa daga tiyatar gwiwa ba. Cikin wata ɗaya 'yan wasan nan sun ga koci uku, idan aka haɗa da Bernie Bickerstaff da ya riƙe na wucin gadi.

A kwatanta da Miami shekara biyu kafin nan. LeBron James da Chris Bosh sun je sun haɗu da Dwyane Wade a 2010, suka fara kaka da cin tara da faɗuwa takwas, duniya ta yi caa a kan matashin kocinsu Erik Spoelstra. Shugaban ƙungiyar, Pat Riley, ya toshe kunnensa. Suka kai wasan ƙarshe Dallas ta doke su, bai sallami kowa ba. Wade ya sauko ya bar wa LeBron jagoranci, Bosh ya yarda ya koma tsakiya ya rage cin maki, aka nemo irin su Shane Battier masu aikin da ba a tafa musu. Kofi ya zo a 2012 da 2013. Su ukun nan duk ba su kai 30 ba lokacin da suka haɗu, don haka suna da shekarun da za su yi kuskure su gyara. Lakers ta sayi mutanen da ba su da wannan sarari, sannan ta ƙi ba su ko ɗan abin da suke da shi.

Zuwa ƙarshen Janairu sun ci 17 sun faɗi 25. Tsakanin Kobe da Howard kuwa babu daɗi, kuma ba a ɓoye yake ba. Kobe mutum ne da ya ɗauki wasa kamar yaƙi, Howard mai fara'a da son wasa da dariya. Lokacin da kafaɗar Howard ta hana shi buga wasu wasanni, Kobe ya faɗa wa 'yan jarida cewa ba su da lokacin jiran ta warke. A nan ina ganin an zalunci Howard fiye da yadda muke yarda. Ya dawo fili da wuri bayan tiyatar baya, ya buga wasa 76 da ciwo, ya kuma fi kowa a gasar cafke ƙwallon da ta dawo daga kwando, 12.4 a kowane wasa. Duk da haka shi aka mayar rago a bakin jama'a. An kawo shi a matsayin magajin gida, amma babu wanda ya zauna ya tsara yadda za a miƙa masa gadon, kuma mai gidan bai shirya sauka ba.

Ranar 18 ga Fabrairu 2013 mai ƙungiyar, Jerry Buss, ya rasu yana da shekara 80. Shi ne ya saye ta a 1979, a hannunsa ta ci kofi goma. Daga ƙarshen Janairu zuwa rufe kaka Lakers ta ci 28 ta faɗi 12, kuma wannan ne hujjar da masu cewa rauni ne kawai suka fi riƙewa: ga shi da suka ɗan daidaita sun yi kyau. Amma a duba yadda aka samu nasarorin. Kobe ne ya karɓi aikin raba ƙwallo, har ya miƙa 14 da aka ci a wasa biyu a jere da Utah da Oklahoma City, Nash ya koma mai jira a gefe. Kobe ne kuma yake tsare ɗan wasan da ya fi gudu a ɗaya ɓangaren, shi ne mai cin maki, 27.3 a kowane wasa. A wasanni bakwai na ƙarshe da ya buga, idan aka raba daidai, ya haura minti 45 a kowane wasa cikin minti 48. Ranar 10 ga Afrilu a Portland bai fita ko na daƙiƙa ɗaya ba, ya ci maki 47. Ƙungiyar da aka ce ta tara taurari huɗu don a rage masa nauyi ta ƙare tana ɗora masa kayan da bai taɓa ɗauka ba ko yana saurayi, kuma ba don kofi ba, don kawai a samu gurbi cikin takwas ɗin da za su shiga zagayen neman kofi daga rukunin yamma na gasar.

Kwana biyu bayan Portland suka karɓi Golden State. Wasannin Los Angeles a wurinmu cikin sulusin dare suke farawa, don haka gari ya kusa wayewa lokacin da abin ya faru. Saura minti uku a tashi, Kobe ya yunƙura zai wuce Harrison Barnes ta hagu, irin motsin da ya yi sau dubbai, sai ya faɗi ya kama diddigensa. Agararsa ce ta tsinke. Ya miƙe, ya taka zuwa layi, ya jefa biyun da aka ba shi duka suka shiga, sannan ya fita da ƙafarsa. Mutane suna ba da wannan labari a matsayin jarumta, kuma jarumta ce. Ni dai duk lokacin da na tuna, fushi ne yake fara zuwa mini. Ana cewa ai shi ne yake ƙin fita, babu kocin da ya isa ya zaunar da Kobe. Wataƙila haka ne. Amma wa ya gina ƙungiyar da idan ya zauna minti huɗu sai wasa ya kuɓuce? Kuɗin duk sun tafi wurin manyan sunaye, bencin ya zama kango. Ba zan iya rantsuwa cewa mintocin ne suka tsinke agarar ba, likitoci ma sun yi saɓani a kai. Abin da na sani shi ne Kobe bai sake buga cikakkiyar kaka da ƙarfinsa ba daga wannan dare.

Sun ƙare da cin 45 da faɗuwa 37, na bakwai a yamma, suka haɗu da San Antonio Spurs. Wasa huɗu aka yi, Spurs ta cinye duka. A na uku, a gidan Lakers, Darius Morris da Andrew Goudelock ne suka fara a gurbin Nash da Kobe, aka doke su 120 da 89. A na huɗu alƙalin wasa ya kori Howard, yana shiga ciki Kobe yana fitowa da sanduna zuwa benci. A ƙarshen watan Yuni ƙungiyar ta kafa manyan alluna a birnin tana roƙon Howard ya zauna. Ya tafi Houston, ya bar kuɗin da suka fi na can yawa. Nash ya buga wasa 15 a kaka ta gaba, bai buga ko ɗaya ba a ta bayanta, ya yi ritaya. Lakers ta ci 27, sannan 21, sannan 17, ta yi kaka shida a jere ba ta leƙa zagayen neman kofi ba. Bashin cinikin Nash kuwa, wato damar zaɓen matasan 'yan wasa da aka jinginar, sai a 2018 aka gama biyansa, da zaɓi na goma wanda ya zama Mikal Bridges.

Kada a ɗauka ina cewa sayen tauraro kuskure ne. A NBA da wuya a ci kofi babu shi. Boston ta kawo Kevin Garnett da Ray Allen wurin Paul Pierce a 2007, ta tashi daga cin wasa 24 zuwa 66, ta doke Lakers ɗin nan a wasan ƙarshe na 2008. Amma su ukun aikinsu daban-daban ne: ɗaya tsaro, ɗaya jifa daga nesa ba tare da ya riƙe ƙwallo ba, ɗaya kutsawa. Kowannensu ya yarda makinsa ya ragu, kuma babu wanda ya taɓa cin kofi a cikinsu, yunwarsu ɗaya. Golden State ta ɗauki Kevin Durant a 2016 ta ci kofi biyu, amma gidan da ya shiga ya riga ya ci wasa 73 kafin zuwansa.

Misalin da ya fi gamsar da ni yana cikin cinikin Howard ɗin kansa. Ƙungiyoyi huɗu ne suka haɗu aka yi shi, ɗaya daga ciki Denver, kuma mai gudanar da Denver a lokacin Masai Ujiri ne, wanda ya tashi a Zariya, a can ya fara riƙe ƙwallon kwando. Shi Andre Iguodala ya ɗauka a cinikin, ɗan wasan da ba ya cika jarida amma yana tsaro yana miƙa ƙwallo. Shekara guda da rabi kafin nan ya sayar da tauraronsa Carmelo Anthony ga New York ya karɓi 'yan wasa da yawa a madadinsa. A kakar da Lakers take ta haki don ta kai 45, Denver ta ci 57, a gida ma sau uku kawai aka doke ta cikin 41, ba tare da ko mutum ɗaya nata ya shiga wasan taurari na shekarar ba. Aka ba Ujiri kyautar gwarzon shugaban gudanarwa na 2013. Gaskiya ita ce Denver ma a zagayen farko ta fita, Golden State ta cire ta, wanda ya nuna tarin 'yan wasa nagari ba tare da gwani na ƙoli ba shi ma yana da iyakarsa.

Sai a duba abin da ya yi da ya koma Toronto. Shekara biyar yana gini. Ya zaɓo Pascal Siakam ɗan Kamaru a lamba ta 27, ya ɗauko Fred VanVleet da babu ƙungiyar da ta zaɓa, ya samo OG Anunoby, ya kawo Serge Ibaka. Ƙungiyar ta shiga zagayen neman kofi shekara biyar a jere, ta ci wasa 59 a kakar 2017/2018, amma a ukun ƙarshe LeBron ne yake tare mata hanya. A lokacin ne ya yi cacarsa, ya ba da DeMar DeRozan, wanda birnin ke ƙauna, ya karɓo Kawhi Leonard daga San Antonio. A takarda cinikin ya yi kama da na Howard ƙwarai: tauraro mai ciwo wanda wasa tara kawai ya buga a kakar da ta wuce, saura shekara ɗaya a kwantiraginsa, bai kuma nuna yana son zuwa ba. Shi ma bayan shekara ɗaya tafiyarsa ya yi. Amma Toronto ta hutar da shi wasa 22 a kakar, kuma ta ci 17 daga cikinsu ba tare da shi ba. Da lokacin neman kofi ya zo, yana da sauran ƙarfin da zai ɗauke su, suka doke Golden State a 2019. Toronto tana da halin hutar da gwaninta saboda akwai ƙungiya a ƙarƙashinsa. Lakers ba ta iya hutar da Kobe na minti huɗu ba.

Me ya sa ake ta maimaita wannan kuskure? Brooklyn ta tara Durant da Kyrie Irving da James Harden, Nash ɗin nan ne ma kocinsu, wasa 16 kacal suka buga tare kafin a watse. Phoenix ta ƙara Bradley Beal a kan Durant da Devin Booker a 2023, Minnesota ta share ta a zagayen farko. Masu bin ƙwallon ƙafa sun ga irinsa a PSG ta Messi da Neymar da Mbappe, wadda sai da dukansu suka tafi sannan ta ɗauki kofin zakarun Turai a 2025. Dalilin a ganina kasuwa ce. A kakar 2012/2013 ne sabuwar yarjejeniyar talabijin ta Lakers da Time Warner Cable ta fara aiki, ta shekara 20, wadda rahotanni suka ce ta kai dala biliyan 3. Mai irin wannan yarjejeniya yana buƙatar fuskokin da za a manna a allo, kuma tauraro yana sayar da riga da tikiti tun kafin ya jefa ƙwallo ɗaya. Shugaban da ya kawo babban suna ya ci ribarsa a ranar da aka sanar, idan abin ya lalace kuma akwai koci da za a sallama, akwai rauni da za a nuna. Mu 'yan kallo muna da namu kason. Mu ne muke zagin shugaba idan damina ta wuce bai kawo sunan da muka sani ba, mu ne ba ma tafa wa wanda ya sayo masu tsaro biyu da mai jifa ɗaya.

Akwai hujja ɗaya da nake girmamawa daga masu kare Mitch Kupchak, manajan Lakers na lokacin, da Jim Buss, ɗan mai ƙungiyar, waɗanda suka ƙulla cinikin Nash da Howard. Suna cewa Kobe yana da 34, mai ƙungiyar yana kwance ba lafiya, babu lokacin gini a hankali, dole a jefa duk abin da ake da shi. Na fahimci wannan, kuma cinikin Howard shi kaɗai ba zan kushe shi ba, musamman da yake Andrew Bynum da aka bayar bai buga wa Philadelphia ko wasa ɗaya ba. Amma idan lokacin Kobe ne ake tsoron ya ƙure, abin da ya fi buƙata shi ne ƙafafun samari a kewaye da shi, masu gudu su tsare, su bar shi ya huta minti goma sha biyu a kowane dare. Zaɓe huɗu da aka bayar a kan Nash, da albashin shekara uku ga ɗan 38, sun isa a nemo irin waɗannan. Kuma dole a zaɓi ɗaya tsakanin Gasol da Howard a gina wasa a kansa, a zaɓi koci ɗaya tun damina a tsaya a bayansa.

Lakers ɗin da kanta ta nuna ta san hanyar. A 2019 ta sake sayen tauraro, Anthony Davis, amma ɗan shekara 26, wanda wasansa ya dace da na LeBron, aka kewaye su da masu tsaro irin su Alex Caruso da Kentavious Caldwell-Pope da Danny Green. A cikin waɗanda aka ɗauko don cike benci har da Dwight Howard. Ya dawo yana da shekara 33, bayan ya zaga ƙungiyoyi da dama, a kan mafi ƙarancin albashi, kwantiragin ma ba tabbatacce ba, ana iya sallamarsa kowace rana. Aikinsa ya shigo daga benci ya tsare kwando, ya cafke ƙwallo, ya tare wa wasu hanya. Maki bakwai da rabi yake ci a wasa. A Oktobar 2020, wata tara bayan rasuwar Kobe, suka doke Miami a Orlando, garin da Howard ya baro shekara takwas baya, ya ɗaga kofinsa na farko. Shekara guda bayan haka shugabannin suka ba da Caldwell-Pope da Kyle Kuzma, suka bar Caruso ya tafi Chicago, don su kawo Russell Westbrook. Kakar da ta biyo baya sun ci 33 sun faɗi 49.